Gashin Akuya a Bakin Karofi

Waɗanda suke kufan nan ranar ba su da yawa. Akwai ni. Akwai wani manomi, mutumin ƙauyen, yana tsintar akaju, wato yazawa, ta gefen gabas. Akwai mai zem ɗin, wato ɗan acaɓa, da ya kai ni, amma shi iyakarsa gindin kuka, ya sauke ni ya juya babur ɗinsa. Sai wani ƙaton damo, wanda da farko ban so in sa shi cikinmu ba, amma in na cire shi ban yi masa adalci ba, don shi ya nuna mini abin da na je nema. Wanda ya fi kowa dacewa da a ce yana wurin, wato Malam, maigidana, lokacin shekararsa uku a ƙasa. Allah ya jiƙansa.

Sai na ɗan koma baya kafin a gane abin da ya kai tsohuwa irina daji ita kaɗai.

Malam mahauci ne, ubansa ma mahauci ne, a Zangon Paraku aka haife shi. Ni kuwa daga gidan malamai na fito, ko da yake ni ba a sa ni lakwal ba, wato makarantar boko, allon ma iyakata abin salla. Na shiga gidansa ina jin cewa saukowa na yi. Ban taɓa faɗa da baki ba, amma mutum yana ganewa daga yadda ake miƙa masa ruwa.

Ba mu yi wata ɗaya da aure ba, ran nan ya dawo daga kasuwa yana wanke hannu a bakin rariya, sai ya ɗago su ya nuna mini.

"Kin ga hannun nan ja? Na kakana shuɗi ne, har gwiwar hannu."

Ya ce kakansa marini ne. Wai akwai wani zango bayan Zugu, wadda 'yan lakwal suke ce wa Djougou, a kan hanyar Kolokonde, inda fataken goro suke sauka in sun fito Gwanja. A nan kakansa yake da karofi, wato rijiyoyin rini, har guda bakwai. Da ayari ya daina bi, mota ta zo, atamfar Turawa ta cika kasuwa, sai garin ya watse, ɗansa ya taho Paraku ya kama wuƙa. Ya ce cikin kowace rijiya an shafe shi da laso, wani irin siminti na mutanen da, wanda ake yi da dattin shunin da ya kwanta a ƙasan rijiya, a ƙona shi, a dake.

"Kuma sai an zuba gashin akuya a ciki," in ji shi. "Shi ke riƙe shi kada ya tsage."

Ban san lokacin da dariya ta ƙwace mini ba. Na ce, "Kai, Malam. Ko a labarin kakanni ma sai ka jawo akuya ciki?"

Wannan ita ce dariyata ta farko a gidan. Ya tsaya yana kallona da ruwa yana ɗiga daga hannunsa.

Ni mace ce mai sa ido, haka Allah ya yi ni. In aka taɓa murfin tukunyata na sani, in yaro ya ce ya je makaranta ƙafarsa nake duba. Malam bai kirana komai sai Jandarma. To da ya sake ba da labarin bayan shekara biyu, sai na ji rijiyoyin sun zama tara. Na kama shi. Da aka haifi na uku sun kai sha biyu. Wata rana har ya ce jakunan fatake in suka sha ruwan wurin sai su yi kashi shuɗi. Duk lokacin da ya ƙara sai in ce, "Bara ba haka ka ce ba," ya dafa ƙirji ya ce, "Jandarma ta kama ni," yara su faɗi ƙasa don dariya, ni ma in rufe baki da gefen zani.

Da haka kalmar ta canza ma'ana a gidanmu. Yaro ya ce ya wanke hannu alhali bai wanke ba, sai in ce, "Karofi." Wani ya ce ba shi ya sha furar ba, 'yan uwansa su ce, "Karofi ne, Inna." 'Ya'yana sun tashi ba su san karofi wurin rini ba ne. A wurinsu karofi ƙarya ce, irin wadda ba a duka a kanta.

Da a gida abin ya tsaya da sauƙi. Amma wata rana na kai masa abinci rumfar mahauta, don ni ma ina da abin ɗauka a can, kai da ƙafa nake sayowa in babbake in yi romo na sayarwa. Na same shi yana ba wani baƙo labarin, wani dattijo mai sayen shanu da ya zo daga Najeriya, kuma dattijon ya ba shi kunne sosai. Na ji Malam yana cewa bakwai. A natse yake faɗa, ba da muryar wasan gida ba. Ni kuwa ban lura da wannan ba sai daga baya. Na ajiye kwano na ce, da ƙarfi, yadda duk rumfar za ta ji:

"Yau kuma bakwai suka koma? Shekaranjiya ashirin ne. Karofin naka haihuwa yake yi, ko mutuwa?"

Rumfa ta ɗauka da dariya. Abokansa har da buga wuƙa a kan kututture. Baƙon ya yi murmushi ya miƙe. Malam ma ya yi dariya, amma na ga wuƙarsa ta zame ta yanki tsoka inda ba a yanka ba, shi da bai taɓa ɓata nama ba. Na gani. Na ɗauki kawunan awakina na tafi. Daga ranar sunansa a kasuwa ya zama Mai Karofi, kuma kowa ya san abin da ake nufi.

Ya nemi in je in gani, ba sau ɗaya ba. Wanda na fi tunawa shi ne lokacin da muka kai autata gidan miji a Zugu. Muna cikin gari ya nuna mini wata hanya da ta yi arewa ya ce, "Ga ta nan fa. Rabin wuni ya ishe mu." Na ce ina da kwallaye da kwanukan amarya da zan tsare, in na juya baya dangin ango za su sauya mini murafu. Na ƙarshe kuwa yana kwance ne, ciwo ya ci ƙarfinsa. Ya ce, "Jandarma, da dai kin je kin ƙirga da kanki." Na ce, "In ka warke." Yadda ake ce wa yaro mai zazzaɓi na faɗa masa.

Shekara uku bayan rasuwarsa autar ta sake haihuwa, na tafi Zugu suna. Washegarin suna muna zaune a tsakar gida ana rabon sauran goro da cincin, sai wata maƙwabciya ta ce ita ba a ba ta nata ba. Jikata, babbar ɗiyar autar, wadda ba ta wuce shekara bakwai ba, ta nuna ƙullin da ke gefen zanin matar ta ce, "Karofi ne, Tanti!" Muka yi dariya mu da muka sani.

Akwai wata tsohuwa a gefe, gwaggon surukina, idonta ya kusa tafiya, ana jiƙa mata goro kafin ta iya ci. Ta juyo da kunnenta wajenmu.

"Wa ya koya wa yarinya maganar marina?"

Na ce, "Wasa ne na gidanmu, Gwaggo. Mai gidana ne yake da wani labari."

"Wane labari?"

Na ba ta a taƙaice, ina yi ina ɗan dariya don ta san ban yarda da shi ba. Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Kufan hanyar Kolokonde ke nan. Muna yara muna zuwa itace wajen, ana hana mu bi ta yamma da masallacin, wai akwai ramuka. In kin wuce gada ta biyu za ki ga kuka mai rassa kamar an sare mata kai."

"Ramuka nawa?"

"Yo ni na sani? An ce kada mu je, ba mu je ba."

Na duba fuskar autata, ta sunkuyar da kai tana gyara wa jaririya hula, na ɗauka kunyar maganar ubanta take ji.

Abin da ya tsaya mini a ƙirji shi ne wannan: ko dai na yi shekara arba'in da wani abu da maƙaryaci mai daɗin baki, ko kuwa ni ce na mayar da mai gaskiya maƙaryaci a bakin 'ya'yansa da jikokinsa da kasuwa gaba ɗaya. Ɗaya daga ciki ne, kuma ba wanda zan tambaya sai ƙasa.

Da gari ya waye na ce zan leƙa kasuwa. Na ɗauki buta da 'yar darduma da sandar da nake dogarawa, na fita bakin guduro, wato titin kwalta, na tsayar da zem. Mutumin Nijar ne, ya manyanta, gemunsa da furfura. Na yi masa kwatance.

"Hajiya, me za ki yi a can? Babu kowa sai aljanu."

"Su na zo gaisarwa. Tuƙa."

"Ke kaɗai? Ina yaranki?"

"Kai ma ina naka, da suka bar ka kan babur da wannan gemu? Kalli hanya, bar kallona a madubi."

Ya yi dariya har babur ya yi tangaɗi. Muka bar guduro muka shiga jar hanya, muka wuce gonakin doya an ɗora wa kowane tudu hular ciyawa saboda rana. Gada ta farko, gada ta biyu, sai ga kukar, kamar yadda tsohuwa ta faɗa. Ya sauke ni ya ce zai dawo wajen katar, ƙarfe huɗu ke nan a bakin 'yan lakwal. Na ce ban san katar ba, la'asar na sani. Ya ce to la'asar.

Da ƙarar babur ta ɓace sai na ji shirun wurin. Lokacin zafi ne, an riga an ƙona daji, ƙasa a fili take. Warin 'ya'yan akaju da suka zube suka ruɓe ya cika ko'ina, ƙudan zuma suna ta bi. Na shiga a hankali.

Wanda bai san gini ba zai wuce ya ce tudu ne kawai. Amma ni na yi yaɓe da hannuna shekara da shekaru, na san ƙasar da aka kwaɓa da wadda Allah ya ajiye. Katangu ne ruwa ya cinye, wasu iya gwiwa, wasu iya ƙugu, kamar haƙoran tsohuwa. Na bi su da sanda ina gane ɗakuna. Nan zaure ne, ga inda ƙofa take. Nan tsakar gida. Nan madafa, don ƙasar baƙa ce har yanzu in ka tona, ga duwatsun murhu biyu, na ukun ban san inda ya tafi ba. Ko'ina ka taka tsingaro ne, fasassun tukwane masu zane a wuya, irin zanen da ba a yi yanzu.

Na tarar da dutsen niƙa a kife. Na sa sanda na juya shi da ƙyar. Cikinsa ya lotsa har ya kusa hujewa, kuma lotsawar a tsakiya take daidai, ba ta karkata gefe ba. Na ce a raina, wannan matar ta iya aiki, ba ta niƙa tana kallon ƙofar maƙwabta. Na tsaya a kansa na ɗan jima. Ko kakar Malam ce, ko wata ce, ban sani ba.

Manomin ya hango ni ya taho da bokitinsa. Ba ya jin Hausa sai ta ciniki, ni kuma ba na jin yarensa. Muka gaisa da hannu a ƙirji. Na ce masa karofi, ya girgiza kai. Na ce rini, na kama mayafina na yi kamar ina tsoma shi a ruwa. Ya ɗauka wanki nake so, ya nuna mini hanyar rafi. Na ce a'a. Ya gaji, ya zaɓo akaju biyu masu kyau ya ba ni, ya nuna ƙasa da yatsa ya ce, "Mama, dusuma. Rami, rami." Wato in taka a hankali. Ya koma aikinsa.

Na yi ta yawo har rana ta take. Na ga rijiya, amma ta ruwan sha ce, ga sawun igiya a dutsen bakinta, ta cike da ƙasa. Na ga wani fili mai faɗi da babu gini, da tsamiya uku a gefe, na ce nan ake sauke jakuna. Na ga ramuka biyu, na duba, na ga inda aka ɗebi ƙasar gini ne kawai. Ba shuni, ba laso, ba komai.

A nan zan faɗi abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Daɗi na ji. Na zauna a inuwar tsamiya na sha ruwa na ce, to, ga gari kam akwai, amma karofi babu. Ashe ban zalunce shi ba. Har na fara shirya yadda zan ba da labarin a Paraku, in ce na je da ƙafata na duba. Mijina yana kabari, ni kuma ina murna don na ci shi a gardama. Haka zuciyata take, ba zan yi mata kwalliya ba.

Azahar ta yi. Na nemi masallacin da tsohuwa ta ambata, ban sha wuya ba, don katangarsa ta gabas tana da ɗan ƙullutu da ya fita waje, wurin tsayuwar liman. Ita ta fi sauran tsayi, kamar an fi kwaɓa ƙasarta. Na yi alwala da sauran ruwan buta, na shimfiɗa darduma can baya inda mata za su tsaya, ko da yake ba wanda zai ce mini matsa. Da na sallame sai maganar tsohuwa ta dawo mini. Yamma da masallaci. Ni kuwa duk yawon da na yi gabas na yi shi da kudu, inda katangu suke. Yamma ba komai sai wani ɗan tudu mai ƙaya da busasshiyar ciyawa da wuta ba ta ci ba. Na san na gan shi tun da safe. Ƙafata ce ta ƙi zuwa.

Ina naɗe darduma sai ga damon nan a kan katanga, yana kallona yana lumshe ido. Na ɗaga sanda, ya sauka ya ruga ta yamma, ya shiga ciyawar, sai na ji ƙarar faɗuwarsa a wani wuri mai zurfi, irin ƙarar da abu ke yi in ya faɗa randa.

Na bi shi ina bubbuga ƙasa da sanda. Abin da na fara gani ganye ne, 'yan ƙananan itatuwa masu ƙananan ganye a jere, da ƙwayoyi kamar na wake amma sirara. Baba ne, ganyen da ake shuni da shi. Na san shi, don kakata tana shafa wa yara shi a kumburi. Ba wanda ya shuka shi, shi yake ta zubar da irinsa yana fitowa shekara bayan shekara. Na ture ciyawa. Sai ga bakin rami, zagaye kamar an zana da faifai, faɗinsa bai fi in miƙa hannu biyu ba. Gefensa santsi, toka-toka mai duhu. Ƙasa ta cika shi fiye da rabi, damon yana can ciki ya lafe.

Na ci gaba da ture ciyawa. Ƙaya ta kama mini zani ta yage, ban tsaya ba. Biyu. Uku. Huɗu, a jere suke kamar murhun gidan biki. Na zaga bayansu na sami biyar da shida. Na tsaya ina haki. Na roƙi Allah, wallahi na roƙa, a ce shida ne ko takwas, ko sha biyu, kowane adadi ban da wancan. Na ɗaga wani reshe da ya faɗi, ga ta bakwai a ƙarƙashinsa, bakinta ya karye ta gefe ɗaya.

Na zaga tudun sau biyu ina neman ta takwas. Babu.

Na durƙusa a bakin ta bakwai ɗin, gwiwoyina suna ƙara. Na kama inda ya karye na ɓalle ɗan guntu kamar rabin tafin hannu. Da ƙyar ya ɓallu, ya fi simintin yanzu tauri. Idona ba ya ganin ƙananan abubuwa, zare ma sai an sa mini a allura. Amma na tofa masa yawu na murza da babban yatsa, sai na ji wani abu yana sosa mini fata. Na sake murzawa. Shekara talatin ina babbaka kan akuya ina kankarewa, ko cikin barci aka sa mini gashin akuya a hannu zan bambanta shi da na tunkiya. Gajere ne, mai tauri, yana tsaye a cikin lason kamar jiya aka zuba shi. Yatsana kuma ya yi baƙi-baƙi mai shuɗi.

Ban yi kuka ba, ni ba mai kuka ba ce. Zama na yi a ƙasa, ƙafa a miƙe kamar yarinya. Na ce, "Malam, na ƙirga." Ba abin da ya amsa sai ƙudan zuma. Da yana nan da ya ce wani abu na ban dariya, da ya ce Jandarma ta zo bincike an kama ta. Rabin wuni ya ce mini. Ko rabin wunin ma bai kai ba, daga cikin gari zuwa nan ban gama jan carbi uku ba. Kwanukan amaryar da na tsare kuwa, ko ɗaya ba ya raye yanzu, duk sun huje an zubar.

Ina nan zaune har inuwa ta juya. Na ci akajun da manomi ya ba ni don bakina ya bushe. Da na ji hon ɗin zem na ƙulle guntun a gefen mayafi na fito.

"Hajiya, kin same su a gida?"

"Na same su."

Ya dubi zanina da ya yage, ya dubi fuskata, ya tayar da babur muka kama hanyar gari.

Na tarar da gida a tsaye. Autata ta tare ni a zaure da jaririya a kafaɗa.

"Inna, wace irin kasuwa ce wannan? Har tasha an je nemanki! Kin ga zaninki?"

Na ce ta biyo ni ɗaki. Bayan na yi magariba na kwance ƙullin na ajiye a kan tabarma tsakaninmu. Na yi ta juya maganar a hanya, amma da na buɗe baki guntuwa ce ta fito.

"Ubanku bai yi ƙarya ba."

Ta ɗauka ta juya shi a hannu. Ba ta tambaye ni mene ne ba.

"Bakwai ne, ko?" in ji ta. "Huɗu a gaba, uku a baya. Ta ƙarshen bakinta a karye."

Na dube ta.

"Ya kai mu, Inna. Ni da su Yaya. Shekarar da kika tafi jinyar Kaka kika yi wata biyu. Motar shanu muka bi. Har ya sa Yaya ya shiga ɗaya, ya kasa fitowa sai da aka miƙa masa rawani."

"Duk kun sani."

"Mun sani."

"Kuka bar ni ina ta... Don me ba wanda ya buɗe baki?"

"Shi ya hana. A mota ya ce duk wanda ya faɗa miki ba shi ba tsire har abada." Ta yi 'yar dariya, ta goge ido da bayan hannu. "Ya ce ku bar mata abinta. Ya ce duk gidan nan ba abin da ke sa uwarku dariya sai karofi. In ta san gaskiya ne, me ya rage mini?"

"To ƙarin da yake yi fa? Tara, sha biyu, ashirin?"

"Inna, ke da ba a ɓoye miki komai? Da gangan yake yi. Kafin ya faɗa sai ya ƙifta mana ido, ya ce ku ga yadda za ta cafke."

Ni ce mai ganin an taɓa murfin tukunya. Shekara arba'in mutum yana ƙifta ido a bayana ban gani ba.

Na ce, "Amma ya ce in je. Har yana kwance ya ce."

Ta jijjiga jaririya. Can ta ce, "Bayan abin rumfa ne ya fara cewa ki je. Na gida wasa ne. Na kasuwa kam ya ji shi."

Wannan na sani tun ranar. Na ga wuƙar.

Washegari ina idar da asuba na ɗaura kayana. Autata ta ce ai sai na yi mako, na ce akwai inda za ni. Na shiga motar farko ta Paraku. Da muka iso ban bi ta gida ba, da ƙullin kayana a ka na wuce rumfar mahauta, hantsi bai gama ɗagawa ba, ana cikin sara.

Abokan Malam duk sun tafi sai ɗaya, shi ma ba ya yanka yanzu, yana zaune a benci 'ya'yansa suna yi, kunnensa ɗaya ya mutu. Ina isowa na ji wani matashin mahauci yana ce wa na kusa da shi, "Kai, bar mana karofi, jiya ba ka zo ba." Bai san ni ba, bai san Malam ba, ba a haife shi ba lokacin da na kunyata shi a nan.

Na sauke kayana. Tsohon ya ɗago ya ce, "A'a, Jandarma! Lafiya da sassafe?"

Na kwance gefen mayafi na ɗora guntun a kan kututture, tsakanin ƙashi da kitse. Na ɗaga murya kamar yadda na ɗaga ta wancan karon, har na rumfar gaba suka waiwayo.

"Wannan daga karofin kakan maigidana ne. Jiya na je da ƙafata. Yana nan a hanyar Kolokonde. Ni ce na yi masa ƙarya a wurin nan, ba shi ya yi muku ba."

Sara ya tsaya. Tsohon ya miƙo hannu aka ba shi. Ya murza, ya kai hanci, ya sake murzawa.

"Akuya ce," in ji shi. "Guda nawa kika samu?"

"Bakwai."

"Me ta ce?"

Ɗansa ya sunkuya ya faɗa masa a kunnen da ke ji. Ya gyaɗa kai a hankali.

"Haka ya ce mana da farko."

Ya miƙo mini, na ce a'a, a ba na gaba. Na tsaya a wurin, ƙudaje suna sauka mini a fuska, masu sayen nama suna jira suna tsaki, har sai da guntun ya bi hannun kowane mahauci a rumfar, har da matashin nan, wanda na sa ya murza sau biyu. Da ya dawo hannuna ya yi maiƙo da jini. Ban goge ba. Na ƙulle shi haka, na ɗora kayana a ka na tafi gida.